Wutar Rana da Wutar Iska a Gidajen da Falwaya Ba Ta Kai Ba

 

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara a ƙasar Hausa ya san wani abin kallo da ya zama ruwan dare. Falwayoyi ne jere a bakin hanya, wasu sun karkace, wasu gara ta cinye gindinsu, babu ko zaren waya a kansu. Inda akwai wayar ma, rabonta da ɗaukar wuta tun wani zaɓe da ya wuce. A cikin garin kuma, bisa kwanon wani ɗan shago, ga farantin sola guda ɗaya an ɗaure shi da waya an danne da bulo, kuma shi ke cajin wayoyin mutanen garin kaf. A kan wannan faranti laccar yau za ta yi magana, da kuma ɗan'uwansa da ba a cika gani ba, wato injin da ke mayar da iska lantarki.

Alƙaluman ba masu daɗin ji ba ne. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85, kashi 43 cikin 100 na al'ummar ƙasar, ba su haɗe da layin wutar gwamnati, kuma babu ƙasar da ta kai wannan adadi a duniya. A Jamhuriyar Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki, galibinsu kuma a birane. Waɗanda ke haɗe da layin ma ba su tsira ba. Wutar da ake rabawa a Najeriya baki ɗaya takan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane sama da miliyan 200. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ke agaza masa ta Binuwai shi ma ya samu matsala. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar saboda juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa a lokacin. Mai janareta ya daɗe yana ganin ya fi ƙarfin wannan wahala, har sai da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Tun daga nan injina da yawa suka koma lungun ɗaki, aka lulluɓe su da buhu.

Idan birni ke nan, ina ga ruga da tunga da gidan gona? Tun da aka sayar da kamfanonin raba wuta a 2013, mai jan layi ɗan kasuwa ne. Ba zai kafa falwayoyin kilomita goma ya ɗora taransifoma saboda gida goma sha biyu masu ƙwan fitila bibbiyu ba, domin ya san kuɗinsa ba za su dawo ba. Mutumin ƙauye mai nisa da ke jiran layi ya zo, sai dai a ce Allah ya ba shi tsawon rai.

Sa'ar da aka yi ita ce, abin da ake bukata yana bisa kai. Kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa a Sakkwato ko Damagaram ko Maiduguri tana samun ƙarfin rana da ya kai kilowat-awa 6 a yini, ko kusa da haka, kusan ninki biyu na abin da Jamus ke samu, ga shi kuma Jamus na cikin ƙasashen da suka fi kowa shimfiɗa farantan sola. Fasahar kanta ba sabuwa ba ce. A 1954 masu bincike a kamfanin Bell na Amurka suka fito da ƙwayar sola ta farko mai amfani, wadda ke mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta lantarki. Na kasuwa a yau sun haura kashi 20. Wannan yanki ma ba a bar shi a baya ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, tun daga 1969, a lokacin da masu yawa ke ɗaukar zancen a matsayin tatsuniya. Jami'ar Sakkwato ta buɗe tata cibiyar binciken makamashi a farkon shekarun 1980. Abin da ya hana talaka amfana a wancan zamani tsada ce, ita kuwa ta karye: tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda yawan masana'antun ƙasar Sin. Cibiyar Ember ta lissafa cewa a cikin wata 12 zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantai daga Sin masu ƙarfin sama da megawat 1,700, Afirka ta Kudu kaɗai ta fi ta a nahiyar.

To, rana akwai, faranti ya yi sauƙi. Me ya sa ake yawan jin magidanci na cewa ya saka sola amma an cuce shi? Me ya sa fitilun kan titi masu sola, waɗanda aka yanka ƙyalle aka buɗe da kiɗa, sukan mutu ɗaya bayan ɗaya kafin wa'adin wanda ya kafa su ya ƙare? A ganin mai wannan lacca, amsar na wurare uku ne da ba su da farin jini wajen mai talla: lissafi, batir, da mai gyara.

A fara da bin wutar daga sama. Rana ta bugi faranti, ya fitar da wuta irin ta batir. Wutar ta sauko ta waya ta shiga wani ɗan akwati da ake kira kwantirola, wadda aikinta shi ne ta hana batir cika ya wuce kima da rana, ta kuma hana a tatse shi ƙarƙaf da dare. Daga nan sai batir. Idan kayan gidan irin waɗanda ke aiki da wutar gwamnati ne, sai an ƙara inbata, ta mayar da wutar batir irin tasu. Ƙaramin gida ba dole ne ya sayi inbata ba. Akwai ƙwan fitila da fanka da talabijin, har da firiji, masu aiki kai tsaye da wutar batir mai bolt 12, kuma sun fi tattali, domin ita inbata ko ba a kunna komai ba tana cin nata rabon muddin tana kunne.

Ga yadda lissafin yake, kuma ɗan aji shida na firamare zai iya yin sa a bayan kwalin sukari. A ɗauki gida mai ƙwan fitila huɗu, kowanne wat 5, ana kunna su awa biyar daga magariba: wat-awa 100 ke nan. Wayoyi uku, kowace tana bukatar kamar wat-awa 10 ta cika: 30. Fanka mai wat 20, ta kwana tana juyi awa takwas: 160. Ƙaramar talabijin mai wat 30, awa huɗu: 120. Jimla 410. Tunda wani abu yana salwanta a waya da kwantirola da batir, sai a ƙara sulusi a kai, a ce 550. Rana mai ƙarfi da za a dogara da ita a wannan yanki awa biyar ce, don haka 550 a raba biyar, wat 110. Mai hankali sai ya sayi faranti mai wat 150, ya bar wa kansa sarari. Batir mai bolt 12 da lamba 100 a jikinsa yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma idan na dalma ne rabi kawai ya halatta a taɓa, wato 600. Ya ishi wannan gida dare ɗaya, da ɗan ragowa kaɗan.

Sai ranar Juma'a ta zo. Maigida zai tafi masallaci, yaro ya jona dutsen guga mai wat 1,000 ya yi rabin awa yana goge babbar riga. Wat-awa 500 sun tafi, abincin gidan na yini guda cur. Da daddare fitila ta ɗauke tun kafin a gama tuwo, maigida ya ce mai sola ya yaudare shi. Duk abin da aikinsa zafi ne, dutsen guga, hita, butar lantarki, risho mai wuta, ba abokin ƙaramar sola ba ne. Wanda ya haɗa wuta bai faɗa wa masu gida wannan ba, bai gama aikinsa ba.

Batir shi ne rumbun gidan. Faranti noma yake yi da rana, abin da aka zuba a rumbu shi za a ci da dare, kuma wanda ke share rumbunsa har ƙasa kullum ba zai daɗe da rumbu ba. Faranti mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki, masu ƙera shi ma garantin da suke bayarwa ke nan. Batirin dalma kuwa, ko an kula da shi, shekara uku zuwa biyar ne, idan aka wulaƙanta shi ko shekara ɗaya ba zai rufa ba. Hanyoyin wulaƙanta shi kuma sanannu ne. Wani ya ɗauko batirin mota, alhali shi an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, ba a yi shi don a riƙa tsotsarsa dare guda ba. Wani ya ga kwantirola na yanke wuta da ƙarfe goma, ya ce ta cika iyayi, ya cire ta ya haɗa kai tsaye. Wata uku batir ya kumbura. Wani ya sayi dogon batir mai shan ruwa, ruwan ya ja baya, maimakon ruwan batir da aka tace sai ya ɗura masa na rijiya ko na leda, gishirin da ke ciki ya kashe shi a hankali.

Sai kuma zafi, wanda shi ne babban abokin gabar da ba a gani. Masu ƙera batir suna auna rayuwarsa ne a digiri 25 na ma'aunin zafi, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 a kan haka yana rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi. A tuna yadda ɗakin kwano mara rufin ciki yake a watan Afrilu a Gusau ko Maraɗi, ƙofa a rufe, taga a toshe. Nan ne kuma mutane suka fi son ajiye batir, don tsoron ɓarawo. Ɗakin ƙasa mai kauri, mai shan iska, ya fi masa lafiya nesa ba kusa ba, a ɗora shi bisa katako, nesa da murhu da hannun yara, domin mai shan ruwan yana fitar da iskar da ke iya kamawa da wuta.

Batirin zamani, na litiyom, ya canja lissafin. Ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, ba ya bukatar ruwa, kuma bai kai rabin nauyin na dalma ba. Kuɗinsa na farko ne ke sa mutum ya ja da baya, amma wanda ya lissafa sau nawa zai canja na dalma cikin shekara goma zai ga wanne ne mai tsadar. Sai dai kasuwa ta cika da na jabu, waɗanda aka tattaro tsofaffin ƙwayoyi aka zuba a sabon akwati mai ƙyalli. Araha dai ba ta ado.

Akwai dabaru biyu da mai saye zai kare kansa da su ba tare da wata na'ura ba. Ta farko sikeli: batirin dalma mai lamba 200 na gaskiya yakan kai kilo 60 ko kusa da haka, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. Wanda yaro ya sunkuta da hannu ɗaya, lambar jikinsa ƙarya ce. Ta biyu igiyar awo: murabba'in mita ɗaya na faranti mai kyau wat 200 yake bayarwa, ko sama da haka kaɗan. Idan aka nuna wa mutum faranti da bai kai mita ɗaya ba an manna masa takardar wat 300, takardar ce kawai zai saya. A kuma duba waya. Wutar batir tana son waya mai kauri ta tagulla zalla, kasuwa kuwa cike take da ta alminiyom da aka yi wa fentin tagulla. Siririyar waya tana zafi, tana cinye wuta, ita ce kuma ke tayar da gobara, musamman inda ba a sa fis tsakanin batir da sauran kaya ba.

Shi ma faranti yana da nasa hali. Da yawa sun ɗauka yana son zafi, alhali haske yake so. Duk digiri ɗaya da ya haura 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100, kuma a tsakar ranar bazara jikinsa kan kai digiri 60 zuwa 65, wato asarar kusan kashi 15. Shi ya sa ba a manna shi a jikin kwano; ana ɗaga shi a bar iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Ana fuskantar da shi kudu, a kishingiɗa shi kamar digiri 10 zuwa 15, saboda Kano da maƙwabtanta suna digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Inuwar reshen dogonyaro guda ɗaya a kan kusurwarsa tana iya karya ƙarfin farantin baki ɗaya, domin ƙwayoyinsa a jere suke, wuta sai ta bi ta kowace. A hunturu ƙura kan lulluɓe shi cikin kwana kaɗan, maganin kuwa ba ya cin ko sisi: ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A farkon damina kuma guguwa kan yi awon gaba da duk wanda aka danne da bulo maimakon a ɗaure shi da ƙarfe. Watan Agusta, mai yawan hadari, shi ne gwajin kowace sola. Wadda ta ƙetare shi lafiya an yi mata lissafi daidai.

Yanzu sai iska, kuma a nan ne ya kamata a yi wa jama'a gaskiya, domin fankar da ke juyi bisa dogon ƙarfe tana da ɗaukar ido.

Kafin sola ta zo, iska ce wutar gidajen nesa. A Amurka, a 1935, gida ɗaya ne cikin goma na manoma ke da lantarki, sauran kuwa da yawansu ƙananan injinan iska suke kafawa, irin na 'yan'uwan nan biyu Marcellus da Joe Jacobs na jihar Montana, su yi cajin batir su saurari rediyo. Da gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a waccan shekara, layi ya bazu, sana'ar ta mutu a hankali. A Malawi kuma, a farkon shekarun 2000, wani yaro mai suna William Kamkwamba, wanda talauci ya raba da makaranta, ya haɗa injin iska da tarkacen keke da fankar tarakta ya haska gidansu. Abin yana aiki, babu musu.

Amma iska tana da wata doka da rana ba ta da ita. Ƙarfin da ke cikinta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninki takwas yake yi, idan gudun ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ne ke saura. Ƙananan injinan da ake sayarwa an rubuta musu wat 1,000, galibi sai iska ta kai gudun mita 12 a daƙiƙa suke ba da hakan, irin iskar da ke gaban hadari. A iskar yau da kullum mai mita 4, lissafi ya nuna wat 40 ma da ƙyar. Ƙasa da mita 3 kuwa, fankar na iya juyawa tana burge masu wucewa ba tare da ta zuba komai a batir ba. Ga bukatar tsayi: ƙa'idar masu sana'ar ita ce injin ya ɗara duk wani gini ko itace da ke cikin tazarar mita 150 da aƙalla mita 9. Wanda ya kafa shi a kan soro tsakanin gidaje, gurɓatacciyar iska zai samu da girgizar da ke tsaga bango. Sannan abu ne mai juyi, ƙura na shiga cikinsa, yana bukatar mai da sauyin kayan ciki, tsawa kuma tana son dogon ƙarfe.

Jihar Katsina ta ga darasin wannan a babban mataki. A Lambar Rimi akwai injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne mai fiffike biyu da ƙarfin kilowat 275, jimla megawat 10. An faro maganar aikin a 2005, zamanin da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ke gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan aikin, Francis Collomp, a garin Rimi, sai a Nuwambar 2013 ya kuɓuta. Aka shafe sama da shekara 15 ana ɗage ranar kammalawa. Tashar sola mai megawat 10 da aka gina a Kumbotso ta jihar Kano kuwa, an buɗe ta a Janairun 2023 ba tare da irin wannan jan ƙafa ba, haka a Nijar ta Malbaza mai megawat 7 a 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a 2023. Wani ɓangare na matsalar Rimi na tsaro ne da na kwangila, ba na iska ba, amma abin lura shi ne injin iska ba ya yafe sakaci.

Inda haɗa rana da iska ya zama dole, akwai dalili. Tsibirin Eigg na ƙasar Sikotland, mai mutane kamar ɗari, bai taɓa haɗuwa da layin ƙasa ba. A 2008 mazaunansa suka ƙaddamar da tasu wutar, haɗin ruwa da iska da rana, da babban ɗakin batura da injin dizal na ko-ta-kwana. Can a watan Disamba yini bai kai awa bakwai ba, ga gajimare, amma iskar teku ba ta hutawa, don haka ɗaya na rufa wa ɗaya asiri. A nan kuwa yini ba ya gaza awa 11 ko a tsakiyar hunturu. Gaskiya ne Arewa ta fi Kudu iska in ban da bakin teku, kuma tsaunukan Jos da filayen Katsina da Sakkwato na cikin wuraren da ake ambato. An ma taɓa gwada injin mai kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada na jihar Sakkwato. Gaskiya ne kuma lokacin da hazo ke rage hasken rana shi ne lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa. Duk da haka, ga gida guda a wannan yanki, kuɗin injin iska da dogon ƙarfensa, idan aka sayi ƙarin faranti biyu da batir mai kyau da su, sun fi kawo wuta. Wanda ya nace sai ya kafa, ya fara auna iskar wurin tsawon shekara guda, a daidai tsayin da zai kafa.

Abin da ya fi cancanta a ɗauko daga Eigg wani abu ne daban. Kowane gida an ƙayyade masa kilowat 5 a lokaci guda, wuraren sana'a kilowat 10, wanda ya wuce wutarsa ta ɗauke. Kuma masu kula da kayan 'yan tsibirin ne da aka koya wa aikin, ba sai an jira wani ya tsallako teku ba. Haka ƙasar Mongoliya ta yi wa makiyayanta, waɗanda ke yawo da tantuna da dabbobi kamar yadda Fulani ke yi. Daga 2000 zuwa 2012 ta raba ƙananan sola da ake naɗewa a ɗora wa dabba ko mota ga iyalai sama da 100,000, tare da tallafin Bankin Duniya, ta kuma kafa cibiyoyin sayarwa da gyara guda 50 a faɗin ƙasar. Bangaladash ta saka sola a gidaje sama da miliyan 4 tsakanin 2003 da 2018, bisa tsarin biya kaɗan-kaɗan, kuma mai zuwa karɓar kuɗin wata shi ke duba lafiyar batir. A duk wuraren nan uku, an yi tanadin ranar da abu zai lalace tun kafin a kafa shi.

A nan gida kuɗi sun fara shigowa. Hukumar kai wuta karkara ta Najeriya, REA, ta gudanar da shirin dala miliyan 350 na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2018, sannan a Disambar 2023 bankin ya amince da wani na dala miliyan 750, da nufin kai wuta ga mutane miliyan 17.5 ta hanyar solar gida da ƙananan tashoshin gari. Tsarin biya ta wayar hannu, wanda kamfanin M-KOPA ya shahara da shi a Kenya, shi ma ya iso. Ƙauyen da ke da gidaje a cure, da injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara, tasha guda ta gari ta fi masa. Gidan da ke shi kaɗai a daji, tasa ta kansa. Manomin rani kuwa shi ya fi kowa sa'a, domin famfon ban ruwa mai sola ba ya bukatar batir sam: rana ta fito ruwa ya zubo, abin da ake son ajiyewa a tara shi a tanki. An kauce wa ɓangaren da ya fi tsada da saurin mutuwa ke nan.

Akwai wani haɗari da ke tafe a bayan wannan alheri, wanda ba a cika zancensa ba. Kowane batirin dalma da aka saya yau, mushe ne nan da 'yan shekaru. Masu jari-bola suna sayensa, wasu su fasa shi da gatari a bayan gida, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a tukunya. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, irin wannan sana'a ta kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu bayanin gubar dalma, domin a 2010 ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Mataccen batir a mayar wa dilan da ya sayar da shi, kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi.

Saboda haka kira na farko ga kwalejojin fasaha da shugabannin ƙananan hukumomi ne. Kowace kasuwar mako tana da mai gyaran babur da mai gyaran waya. Babu dalilin da zai hana ta samun saurayi ko budurwa da aka koya wa auna batir, da lissafin kaya, da zaɓen waya, aka kuma ba su na'urar awo da takardar shaida. Duk mai ba da kwangilar fitilun titi ko solar asibiti ko ta rijiyar burtsatse, ya rubuta kuɗin gyara da na canjin batir a cikin takardar tun ranar farko.

Ku kuma magidanta da iyaye mata da ke shirin saye, kafin ku ƙirga wa kowa kuɗi ku zauna ku rubuta duk abin da za ku kunna da awannin da zai yi. Ku sa a auna faranti da batir a gabanku, ku karɓi rasit mai garanti, ku tambayi wanda zai zo idan wuta ta ɗauke da kuma garin da yake zaune. In mai sayarwa ya kasa amsa wannan tambaya, ku riƙe kuɗinku ku ƙara gaba.

Allah ya sa a dace.